Shayi, Kurmi ko Kifi: Trabzon, Rize ko Artvin, Ina Za Ka Sauka Kuma a Wane Wata?

Mutanenmu da ke zuwa Turkiyya, masu saro kaya ne ko ɗalibai ko masu rakiyar mara lafiya, galibinsu a Istanbul suke farawa, a nan kuma suke ƙarewa. Amma akan samu wanda ya gama abin da ya kawo shi da sauran kwana biyar ko mako guda a hannunsa, yana son ya ga wani abu ban da kasuwa da cunkoso. Irin wannan mutumin, in dai tsanwa yake nema da ruwa da iska mai sanyi, ni wuri ɗaya nake nuna masa kullum: kusurwar arewa maso gabashin ƙasar, inda tsaunuka suka gangaro har bakin tekun Bahar Aswad, tun daga Trabzon zuwa iyakar Jojiya. Daga Istanbul tafiyar ba ta kai awa biyu a jirgin sama ba.

Abu uku aka san yankin da su. Akwai shayin da ake nomawa a jikin tsauni, akwai kurmi da aikin katako, sai kamun kifi, musamman wani ɗan ƙarami mai tsawon yatsa da suke kira hamsi. Masu tallan yawon buɗe ido sukan haɗa ukun a hoto ɗaya, sai ka ɗauka za ka ga ana yankan shayi da safe, da la'asar ka ci ɗanyen hamsi. Ina! Kowanne da watansa, kowanne kuma da lardin da ya fi kankama a cikinsa. Taura biyu ma ba ta taunuwa, balle uku. Don haka kafin ka tambayi garin da za ka sauka, fara tambayar kanka watan da za ka je.

Ganyen shayi sau uku ake yankansa a shekara: na fari a Mayu zuwa farkon Yuni, na biyu a Yuli, na uku daga ƙarshen Agusta zuwa Satumba, wata shekarar ya taɓa Oktoba. Daga nan gonaki su yi tsit. Su kuwa manyan jiragen kamun kifi masu jan taru, doka ta ɗaure su a tasha daga 15 ga Afrilu har zuwa 1 ga Satumba, don kifi ya samu ya hayayyafa. Da an buɗe teku, kifin da ke fara cika kasuwa shi ne palamut, ɗan'uwan tuna, mai tsoka da maiƙo. Hamsi ba ya matsowa sai ruwa ya yi sanyi, wajen Nuwamba, ya kai mutane Janairu. Mutanen wurin suna cewa ba ya daɗi sai ruwan ƙanƙara ya shiga kunnensa. Ka ga ke nan, lokacin da almakashin shayi ke aiki babu hamsi, lokacin da hamsi ya cika kasko almakashi yana rataye a bango. Hanyoyin da ke hawa can sama cikin kurmi kuma daga Yuni zuwa Oktoba ne ake bin su hankali kwance, bayan nan dusar ƙanƙara ke da iko da su.

Abu ɗaya kafin mu shiga garuruwan, saboda sunayen da za ka gani a allunan hanya. Harafin Ç shi ne C ɗinmu, Ş kuma SH. Amma C tsurarsa a wurinsu J ce, don haka in ka ga an rubuta Camili, Jamili za ka faɗa.

Rize: inda shayi ya zama abinci da sutura

Rize ta fi kowane gari a Turkiyya samun ruwan sama. Abin da ke zuba a can a shekara ya haura milimita 2,000, ya ninka na Kano sau biyu har da ɗoriya, kuma babu watan da za ka ce rani ne. Wannan ruwan, da ƙasa mai tsami, da gangaren da ba ya barin ruwa ya kwanta, su suka sa shayi ya karɓi wurin. Amma shayin ba daɗaɗɗe ba ne kamar yadda mutum zai zata. Shekara ɗari da suka wuce talauci ne ya yi wa lardin katutu, maza suna tafiya cin rani Rasha da Batum, birnin da ke gaɓar Jojiya. A 1924 majalisar ƙasar ta yi dokar ƙarfafa noman shayi a Rize, wani masanin aikin gona mai suna Zihni Derin ya kawo iri daga Batum ya kafa wurin renon dashe. Abin bai kama sosai ba sai ƙarshen shekarun 1930, masana'anta ta farko kuma a 1947 aka buɗe ta. Yau kusan kashi biyu bisa uku na gonakin shayin ƙasar a wannan lardi suke, kamfanin gwamnati na Çaykur yana saye, kamfanoni masu zaman kansu ma suna saye tun da aka sakar musu mara a 1984. Turkawa kuma su ne kan gaba a duniya wajen shan shayi, mutum ɗaya yana shan fiye da kilo uku a shekara.

Abin kallon shi ne aikin kansa. Fita da sassafe ka bi kowace hanyar ƙauye a Çayeli ko Güneysu ko Fındıklı. Itacen shayin bai wuce ƙugu ba, an aske samansa ya yi sumul, layi bisa layi a kan gangaren da kai da ka zo daga fili sai ka dafa ƙasa kafin ka hau. Mai yanka, sau da yawa mace ce, ta sa rigar leda saboda raɓa, tana riƙe da babban almakashi da aka ɗinka wa jaka a gefe guda. Duk datsa ɗaya sai tohon ya faɗa cikin jakar. In ta cika a juye a kan wani faffaɗan zane, a ɗaure kusurwa huɗu ya zama ƙunshi. Inda babu hanyar mota, waya suke ɗaurawa daga wannan tudu zuwa wancan, a rataya ƙunshin, ƙaramin inji ya ja shi ya tsallake kwari. A wurin awo a ɗora a sikeli, a rubuta, mota ta kwashe a ranar, domin ɗanyen ganye in ya daɗe a tare zafi yake ɗauka ya lalace. A masana'anta a bar shi ya yi yaushi, a murje, a shanya ya sha iska har ya koma ja, sannan a busar a tankaɗe. Kilo biyar zuwa shida na ɗanye ke ba da kilo ɗaya na busasshe. Ma'aikatan ƙodago da yawa daga Jojiya suke zuwa, a 'yan shekarun nan har da samarin Afirka ta Yamma, irin su 'yan Senegal. In ka wuce masu aiki ka ce musu kolay gelsin. Ita ce "sannu da aiki" ɗinsu, kuma tana buɗe fuska kamar yadda take yi a gida. Kada ka kutsa gonar mutum ɗaukar hoto ba ka nemi izini ba.

Wanda ya taɓa hawa Mambila ya ga gonar shayin Kakara zai gane itacen da ganinsa. Bambancin shi ne a nan gonakin ƙanana ne na iyali, a bayan gida, kuma a hunturu dusar ƙanƙara na kwanciya a kansu. Manoman suna alfahari da hakan, suna cewa sanyin ne ke kashe musu ƙwari ba sai sun yi feshi ba.

Shan kuma daban yake da na mai shayinmu. Buta biyu ce, ɗaya a kan ɗaya, ta ƙasa ruwan zafi, ta sama ganye yana jiƙa a hankali. A zuba a ɗan kofin gilashi mai siririn ƙugu, babu madara, babu citta, sukari ƙwaya ɗaya ko biyu a gefe. Launin da suke nema suna kiransa jinin zomo. Ranar farko za ka ji kamar an rage maka wani abu. Ka ba shi kwana biyu.

Alherin Rize na biyu shi ne kwarin Fırtına, wanda ke hawa daga bakin teku ta Çamlıhemşin zuwa tsaunukan Kaçkar masu tsayin sama da mita 3,900. Nan ne gadojin dutse masu baka suke, irin ta Şenyuva da aka gina a 1696, da tsohuwar ganuwar Zilkale a kan tsini, da manyan gidajen da 'yan cin rani suka gina da kuɗin gashin burodi a Rasha. Can sama akwai abin da suke kira yayla, wato mashekarin da ake hawa da shanu in zafi ya shigo, a sauko in sanyi ya kama. Wanda ya san Fulaninmu ba sai an yi masa dogon bayani ba. Ayder, mai tsayin kusan mita 1,350, ita ce ta yi suna, tana da ruwan zafi mai ɓuɓɓugowa daga ƙasa, amma gaskiya otal-otal da motoci sun cinye ta a Yuli da Agusta. Pokut da Sal, da ke wajen mita 2,000, sun fi ta kyau nesa ba kusa ba, sai dai hanyarsu ta ƙasa ce mai murɗiya, kuma hazo kan rufe komai yini guda.

Raunin Rize? Cikin garin Rize benaye ne na kankare, ba abin da zai tsayar da kai fiye da yini. Sannan ruwan da ke raya shayi shi ne ke zaftare tudu. A Yulin 2021 ambaliya da zaftarewar ƙasa sun ci rayuka a lardin. In an yi gargaɗin ruwa mai ƙarfi, ka zauna a masauki.

Artvin: ga mai son itace da shiru

Kurmi akwai shi ko'ina a yankin, amma in ana maganar daji a matsayin sana'a da gado, Artvin ce uwa. Fiye da rabin lardin daji ne. Ƙasa-ƙasa akwai itacen da suke kira kestane, wanda katakonsa ba ya jin danshi, da shi ake gina gida. Sama da shi akwai kayın mai santsin jiki, can sama kuma ladin da köknar, dogaye miƙaƙƙu masu ganye kamar allura, waɗanda ba sa kaɗewa duk shekara. Kusan duk dazuzzukan Turkiyya mallakar gwamnati ne, ma'aikatan gandun daji ke sa alama a itacen da za a sare, mutanen ƙauyukan daji su yi aikin sara da jan gungume. Jami'ar Artvin Çoruh tana da tsangayar nazarin daji, kuma ga wani abu da ya burge ni: tun shekarun 1960 wani ƙwaro mai cin ɓawon ladin ya shigo ta wajen Jojiya yana kashe itatuwa, daga shekarun 1980 sai suka koma kiwon wani ƙwaron da ke cinye 'ya'yansa, suna sakinsa a jikin itatuwan da suka kamu. Ɗalibin aikin gona ko gandun daji zai samu abin tambaya a nan. Mutanen kuma ba sa wasa da dajinsu, domin a Fabrairun 2016 sun fito ƙwansu da kwarkwatarsu suna adawa da haƙar ma'adinai a tudun Cerattepe da ke saman garin.

Zuciyar abin tana Camili, wadda ake kuma kira Macahel, a gundumar Borçka. A 2005 hukumar UNESCO ta sa ta cikin keɓaɓɓun wuraren kare halittu, ita ce ta farko a Turkiyya, faɗinta ya haura hekta 25,000. Kwari ne mai ƙauyuka 18 da iyakar 1921 ta raba, shida a Turkiyya, sha biyu a Jojiya. Mutanen Musulmi ne masu jin yaren Jojiya. A ƙauyen Maral akwai masallacin İremit na tsakiyar ƙarni na 19, katako ne tun daga bango har ƙubba, cikinsa an yi masa zanen furanni da launuka masu haske. Ka cire takalmi ka taka daɓen, ka ji katakon yana amsawa a ƙarƙashin ƙafarka, ga ƙamshin tsohon itace. Sallah a irin wannan wuri tana zama a rai.

A tsakar gidajen za ka ga serender, rumbu ne na katako da aka ɗora a kan dogayen ƙafafu, a saman kowace ƙafa an sa faffaɗan faifai don ɓera ya hau ya rasa ta inda zai wuce. Bangon yana da ƙofofin iska don masara ta bushe a ƙasar da rana ke wuya. Ga kuma amya, wadda suke kira karakovan, gungume ne aka rarake aka ɗora can ƙololuwar itace. Mu ma a bishiya muke rataya tamu, amma su abin da suke gudu shi ne dabbar beyar. Ƙudan zuman kwarin jinsin yankin tsaunukan Kafkas ne tsantsa, har an hana shigo da wani jinsi don kada su gauraya.

Tun da an zo kan zuma, ga gargaɗi, don na san mu da son ta. A duk yankin akan samu wadda suke kira deli bal, mahaukaciyar zuma, daga furen wani tsiro mai dafi da ke cika gangaren. Cokali ɗaya ko biyu na iya saukar da hawan jini ƙasa da ƙima, ya rage bugun zuciya, mutum ya yi jiri ya faɗi. Kada wani ya sayar maka da ita da sunan maganin ƙarfi. In kana shan maganin zuciya ko na hawan jini, ko ɗanɗanawa kada ka yi.

Tafkin Karagöl na Borçka, da kwarin Hatila, da ƙauyukan katako na Şavşat duk suna nan, kuma a Oktoba ganye na rikiɗa ja da rawaya. Sai dai Artvin tana da wahala. Garin a manne yake a jikin dutse sama da kogin Çoruh, hanyoyi murɗe-murɗe ne, motar haya ba ta da yawa, hanyar Camili tana bi ta mashigin tsauni da ƙanƙara kan toshe a hunturu. Turanci da Larabci ba za su kai ka nesa ba. Mai amai a mota, ko mai tafe da tsoho ko jariri, ya yi tunani sau biyu.

Trabzon: teku, tarihi da sauƙi

Trabzon ce babban birni, ita ce ta fi jirage da otal da asibiti. Sarki Muhammad al-Fatih ya ci ta a 1461, a nan aka haifi Sarki Sulaiman na Daular Usmaniyya a 1494. Akwai Ayasofya tata, tsohuwar coci ta ƙarni na 13 da ta koma masallaci, akwai gidan ibadar Kiristoci na Sümela da aka liƙa a jikin dutse a Maçka, akwai tafkin Uzungöl mai nisan kusan kilomita 100. Larabawan yankin Gulf sun mayar da ita wurin hutunsu, saboda haka wanda ya yi islamiyya mai kyau zai iya ciniki da Larabci a shaguna da yawa. Illar ita ce a tsakiyar Yuli da Agusta farashi na tashi, Uzungöl kuma ta koma kasuwa.

Amma ni abin da ke kai ni Trabzon kifi ne. A watan Disamba je ka tashar masunta ta Faroz, ko ka bi layin masu kifi a cikin gari. Akwatuna ne jere cike da hamsi yana sheƙi kamar sabuwar azurfa. Da yatsa ake cire kai da hanji a ja ɗaya, a wanke, a birkiɗa a garin masara, a jera a kasko kai da kai kamar furen rana, a soya gefe ɗaya, a kifa murfi a juye gaba ɗaya kamar waina ƙatuwa. Ana ci da ɗanyar albasa da burodin masara. Suna dafa shi da shinkafa, suna cusa shi a burodi, suna gishirta shi don ajiya. A shekaru da dama wannan ɗan kifin shi kaɗai ne rabin abin da ƙasar ke kamawa a teku, ko ma fiye. Kamun da dare ake yi: na'ura ta gano garken, ƙaramin jirgi ya ja bakin taru ya kewaye shi, a tsuke ƙasan kamar bakin jaka. Doka ta hana kama wanda bai kai santimita 9 ba, har a Janairun 2021 an dakatar da kamun na wasu makonni saboda ƙanana sun yi yawa a taru. Masuntan ba su manta da ƙarshen shekarun 1980 ba, lokacin da kifin ya kusa ƙarewa saboda yawan kamu da wata halittar ruwa mai yauƙi da jirage suka shigo da ita. Wasu jiragen nasu yanzu har gaɓar Muritaniya suke zuwa su. A Sürmene, gabas da birnin, har yau ana ƙera jirage, a nan kuma ake yin wuƙaƙen da suka yi suna.

Sai dai kada ka zo da tunanin rairayin bakin teku. Babban titin gaɓa da aka kammala a 2007 ya ratsa tsakanin garuruwan da ruwan. Kuma wanda ya zo a Yuli, kifin da za a ba shi galibi na kiwo ne, ko hamsin da ya kwana a firji tun bara.

To wa zai je ina?

Mai iyali da yara ko iyaye, ya sauka Trabzon a Yuni ko farkon Satumba, ya riƙa fita da safe yana dawowa. Rize kusan kilomita 80 ce, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna a titi mai kyau, saboda haka zai ga shayi ba sai ya sauya masauki ba. Nama na halal ne, masallaci a kowane ƙauye, mace mai hijabi ba baƙuwar ido ba ce. Wanda shayin ne ya kawo shi, ya zo Rize a rabin ƙarshe na Mayu, lokacin yankan fari wanda ya fi daraja, kuma lokacin da ruwan sama ya fi sassauci, amma ya haƙura da mashekaran can sama, don wasu ba su gama narkewa ba. Mai ƙarfin ƙafa da ke son kurmi da shiru, Artvin a Yuli ko farkon Oktoba, kuma ya ɗauki hayar mota da direban da ya san hanya. Mai son hamsi ya sayi rigar sanyi ta gaske ya zo a Disamba, ya sani rana na faɗuwa kafin ƙarfe biyar, gonakin shayi ba kowa, hanyoyin sama a rufe.

Ni in an ba ni mako ɗaya tak, rabin ƙarshe na Satumba zan ɗauka. Na san watan yana cikin mafi ruwa a Rize, laima da takalmin roba dole ne, kuma hamsi ya wuce ni. Amma a lokacin ana kan yankan shayi na uku, taron baƙi ya watse, hanyar Camili a buɗe take, jirage kuma sun koma teku. Zan sauka a filin jirgin Rize-Artvin da aka cike teku aka gina a Pazar, wanda aka buɗe a Mayun 2022. Kwana biyu a Çamlıhemşin, da safe muhlama, wato garin masara da man shanu da cuku mai jan zare. Kwana biyu a Borçka da Camili. Daga nan in biyo gaɓa zuwa yamma, in tsaya Çayeli in sayi shayin tsaraba, in tsaya Sürmene in ga masu jirage, daren ƙarshe in ci gasasshen palamut a Faroz, da safe in hau jirgi daga Trabzon.